"Babu Netwok": Shiga Kwamfuta Daga Nesa da Ƙarancin Sunayen Matsalolinsa a Hausa

A cikin kalmomin aro da suka shigo Hausa a shekarun baya-bayan nan, da wuya a sami wadda aka jibga wa kaya kamar "netwok". Idan kuɗi suka maƙale a banki, netwok ne. Idan sakamakon jarrabawa ya ƙi fita, netwok ne. Har injin buga takarda idan ya yi gardama, akan ji an ɗora wa netwok laifi. Kalmar ta zama kamar "sanyi" a bakin masu tallar magani a kasuwa: duk ciwon da aka rasa kansa sai a jingina mata. Illar hakan ita ce, mutum ba ya iya gyara matsalar da bai bambance ta da 'yan'uwanta ba, kuma ba ya iya bambancewa in ba ta da suna a harshen da yake tunani da shi. Na fahimci wannan ne ta hanyar wani ɗan ƙaramin aiki: shiga wata kwamfuta daga wata, alhali dukkansu suna ƙarƙashin rufi ɗaya, a garin Talata Mafara.

Abin da ya kai ni

Bincikena ya shafi kalmomin noman rani a bakin manoman da ke shan ruwan madatsar Bakalori, wadda aka kammala a 1978 a kan gulbin Sakkwato. Na naɗi hirarraki a Morai da Bakura da Maradun. Cikin waɗanda na zanta da su akwai dattawan da suka ga rikicin 1980, lokacin da manoman da aikin madatsar ya raba da gonakinsu suka yi bore aka murƙushe su da ƙarfin bindiga. Wasu daga cikin dattawan nan sun riga mu gidan gaskiya, wasu kuma sun ba ni labarinsu ne bisa amanar cewa muryarsu ba za ta yi yawo ba. Saboda haka ba na yarda hirarrakin su riƙa zagaya a filash, domin filash ita ce babbar dillaliyar bairos a shagunan kwamfuta, kuma abin da ya shiga aljihu ba a san inda zai kwana ba.

Dabarar da muka yi ita ce ajiye komai a kwamfutar girke guda, a wani ƙuryar ɗaki da ke kulle, tare da kwafi ɗaya a ma'ajiyar waje. Mu uku masu juyar da magana zuwa rubutu muna zaune a ɗakin gaba, kowa da ƙaramar kwamfutarsa. Wayoyi sun haɗa mu duka da rauta guda, wato akwatin da ke rarraba layi. Wanda aikinsa ya zo sai ya buɗe manhajar Remote Desktop ta kamfanin Microsoft, fuskar waccan kwamfuta ta bayyana a gabansa, ya saurara ya rubuta kamar yana zaune a gabanta, ba tare da hirar ta baro inda take ba. Manhajar ba sabuwa ba ce: ta fara fitowa a 1998, kuma tun daga Windows XP a 2001 ta zama abin da ƙananan ofisoshi ke amfani da shi. A kwamfutocin gama-gari mutum ɗaya take karɓa a lokaci guda, don haka muka raba wa kanmu awoyi.

Watan da aka rufe layuka

Shekarar 2021 ta yi wa wannan yanki nauyi. A watan Fabrairu aka kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. Ran 1 ga Satumba aka sace ɗalibai 73 a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun. Ran 3 ga wata Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya su kashe layukansu a duk faɗin Zamfara bisa roƙon gwamnatin jiha. An ce mako biyu, amma wajen Gusau abin ya kai ƙarshen Nuwamba. An dakatar da kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka. Mai buƙatar aika saƙo sai ya hau mota har birnin Sakkwato.

A ranar farko kowa ya ɗauka aikinmu ya tsaya. Abin mamaki ga abokan aikina, sai ga shi mun shiga babbar kwamfutar kamar kullum. Dalili kuwa a fili yake ga wanda ya san bambancin: abin da aka kashe layin kamfanonin waya ne, wanda ke kai mu intanet. Haɗin da ke tsakanin kwamfutocinmu kuwa na cikin gida ne, bai wuce tsawon wayar da ta ratsa bango ba, kuma ba ya neman izinin kowane kamfani. Abubuwa biyu ne daban, amma bakinmu suna ɗaya ya ba su.

Bayan kwanaki sai shigar ta fara ƙi. Matashin da ke kula da injunan ya leƙo ya ce da ni, da bakinsa na Zamfara: "Malam, ta ƙiya. Ai netwok na, tunda an rufe. Sai dai mu yi haƙuri har a buɗe." Ba rashin basira ya sa ya faɗi haka ba, domin yaro ne mai hannu, yana warware kwamfuta ya mayar. Kalmar da yake da ita ce ta yanke masa hukunci tun kafin ya duba. Da mun bi ta, da mun zauna wata uku hannu rabbana a kan abin da gyaransa bai wuce minti goma ba.

Saƙon da manhajar ke fitarwa ma ba ya taimako sosai. Da Ingilishi yake zuwa, kuma abubuwa uku yake lissafawa a dunƙule: ko ba a ba da izinin shiga daga nesa ba, ko kwamfutar a kashe take, ko ba a same ta a kan haɗin ba. Bai ce wanne ba ne. Aikin mai gyara shi ne ya rarrabe, kuma a watannin nan mun ci karo da matsalolin ɗaya bayan ɗaya har muka san jerinsu. Na lura cewa tsarin bai yi nisa da yadda Bahaushe ke ziyartar gida ba, kuma da wannan kwatanci muka riƙa fahimtar juna.

Ko mai gida yana nan?

Tambayar farko ita ce mafi sauƙi, ita ce kuma aka fi tsallakewa. Kwamfutar da ta yi barci ba ta amsa sallama, ko da fitilarta na ƙyaftawa. Da fetur ya yi wuya muka koma dogaro da batir da hasken rana, sai aka saita babbar kwamfutar ta riƙa yin barci bayan 'yan mintoci don tattalin wuta. Tana barci, ƙofa ta rufe. Maganin shi ne a bar fuskarta ta mutu don tsimi, amma a hana ita kanta barci a lokutan aiki. Da wannan ake duba waya: ko ta zare, ko ɓera ya taɓa ta, ko ƙaramar fitilar da ke bakin ramin wayar tana haske.

Ko gidan aka nufa?

Kowace kwamfuta a haɗin cikin gida tana da lambar adireshi, kuma rauta ce ke raba lambobin, galibi masu farawa da 192.168. Aro take bayarwa, ba kyauta ba. A inda wuta ke zuwa tana tafiya, duk sanda injuna suka tashi tare, lambar da ke hannun wannan jiya tana iya komawa hannun waccan yau. Mai shiga yana ta buga tsohuwar lamba, yana sallama a gidan da mai shi ya tashi. Wani lokaci kuma kwamfuta kan riga rauta farkawa, ta nemi lamba ta rasa mai ba ta, sai ta laƙaba wa kanta wata mai farawa da 169.254. Duk wanda ya ga wannan lamba ya san cewa ba ta sami rauta ba. Umarnin ipconfig ne ke nuna lambar da kwamfuta ke riƙe da ita, umarnin ping kuma shi ne sallamar gwaji: a aika a ji ko za a amsa. Gyara mai ɗorewa shi ne a yanka wa babbar kwamfuta lamba ta dindindin. Tun ranar da muka yi haka muka rubuta lambar a takarda muka manna a bango, wannan matsala ba ta sake dawowa ba.

Ko zaure a buɗe yake?

A nan ne aka fi ruɗewa, domin shirun ping ba hujja ba ne cewa babu kowa. Windows na da katangar tsaro, kuma tana kallon kowane haɗi ta ɗayan fuska biyu: na gida, ko na bainar jama'a. Idan ta ɗauki haɗin a matsayin na bainar jama'a, kamar na tasha ko otal, sai ta ɓoye kwamfutar, ta ƙi amsa baƙo. Mun gamu da wannan ranar da rautarmu ta ƙone aka kawo wata. Kwamfutar ta ga baƙuwar fuska, ta ɗauka an kai ta kasuwa, ta ja ƙyaure. Sai da aka shiga ƙuryar ɗakin aka shaida mata cewa haɗin na gida ne, aka kuma tabbatar katangar ta bar kafar da manhajar ke bi, wato kafa mai lamba 3389. Akwai masu gyaran da in sun gaji sukan rushe katangar gaba ɗaya. Shiga takan yiwu, amma an yi maganin ƙaiƙayi da yanke hannu.

Ko an yi maka iso?

Isa zaure daban, shiga cikin gida daban. Da farko, ba kowace Windows ke karɓar baƙo ba: samfurin Home yana iya shiga wata kwamfuta, amma ba a iya shigarsa ta wannan manhaja, sai samfurin Pro ko na sama da shi. Mutane kan ɓata yini suna neman maɓallin da ba a saka ba tun asali. Na biyu, dole a kunna izinin shiga daga nesa, a kuma sa sunan mai shiga cikin waɗanda aka yarje wa. Na uku, asusun da ba shi da kalmar sirri ba a shigarsa daga nesa, haka tsarin yake tun daga masana'anta. A wurarenmu kuwa, inda mutum biyar ke amfani da kwamfuta ɗaya, an saba barin ta babu kalmar sirri don sauƙi. Haka nan gajeriyar lambar da ake buɗe kwamfuta da ita a gabanta ba ta aiki daga nesa, cikakkiyar kalmar sirri ake nema.

Ko zamaninku ɗaya?

Matsala ta biyar ita ce wadda rufe layuka ya taɓa ta a kaikaice. A cikin kowace kwamfutar girke akwai ɗan batir mai kamar kwabo da ke riƙe agogo idan an ɗauke wuta. Na babbar kwamfutarmu ya daɗe da mutuwa ba wanda ya sani, domin da akwai intanet takan gyara lokacinta da kanta. Da intanet ta tafi, sai ta riƙa farkawa a wata shekara da ta shuɗe, ana ta samun gargaɗi a kan takardar shaidar da kwamfutocin ke nuna wa juna. Sabon batir ya kashe maganar. Ɗaya fuskar ta fi wuya. A 2018 Microsoft ya toshe wata ɓaraka a hanyar tantance mai shiga, kuma daga watan Mayu na shekarar kwamfutar da aka sabunta takan ƙi shiga wadda ba a sabunta ba. Yawancin injunan da ke shagunanmu na hannu ne, wasu ma na ɗauke da Windows 7 da aka daina yi wa sabuntawa tun Janairun 2020. Da wani abokin aiki ya kawo sabuwar kwamfuta ta ƙi magana da tsohuwar, sai da aka sauko da gyaran a Sakkwato aka kawo shi a mota. Wannan kaɗai ce cikin biyar ɗin ta buƙaci intanet, ita ma sau ɗaya.

Bayan an shiga

Akwai ta shida wadda littattafan gyara ba su damu da ita ba, amma ta fi shafar masu karanta wannan mujalla. Mutum ya shiga lafiya, ya fara rubutu, sai ƙ da ɗ da ɓ su ƙi fitowa. Dalili shi ne, kwamfutar da aka shiga ita ke fassara abin da aka danna, da tsarin madannai nata da haruffan da ke cikinta. In ba a ɗora mata tsarin Hausa ba, lanƙwasa ta ɓace. Tsofaffin rubuce-rubucenmu kuma da yawa an yi su ne da haruffan Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a shekarun 1990, waɗanda suka yi wa Hausa babbar hidima a lokacin da babu wata mafita. Sai dai sun ari gurbin wasu alamomi ne, shi ya sa idan aka kai rubutun kwamfutar da ba ta da su, "ƙasa" ke komawa "}asa", "ɗaya" ta koma "]aya". Ga mai nazarin kalmomi wannan ba ado ba ne: bambancin "kafa" da "ƙafa" ko "fada" da "faɗa" shi ne aikin gaba ɗaya. Mun daidaita a kan tsarin Unicode a duk kwamfutocin, wanda ya ba kowane harafi mai lanƙwasa lambarsa ta kansa.

Ina sunayen?

Da aikin ya lafa na zauna na lissafa kalmomin da muka yi amfani da su a tsakaninmu: barci, lambar gida, sallama, katanga, kafa, iso. Babu wanda ya zauna ya ƙirƙira su. Buƙata ce ta fito da su, kuma sun yi aiki. Na ga bambancin a bakin matashin nan. Bayan makonni kaɗan ya daina cewa "netwok na". Sai ya ce, "Malam, ta amsa sallama, iso na ba a yi ba." Wannan jimla ta riga ta kawar da matsala uku cikin biyar, ta nuna inda za a sa hannu.

Fagen nazarin Hausa ba baƙo ba ne ga ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, shi ya ba mu yawancin kalmomin da muke koyar da nahawu da adabi da su a yau. Sun zauna ne domin akwai ajin da ake furta su kullum. A fannin kwamfuta kuwa ƙoƙarinmu ya fi karkata ga sunayen abubuwan da ido ke gani: allo, madannai, linzami, manhaja. Ko fassarar Windows zuwa Hausa da Microsoft ya yi ta fi ƙarfi a kan maɓallai da jerin zaɓi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kalmomin lalura, wato sunayen yadda abu ke lalacewa da matakan gano shi. Manomin Bakura ya fi mu a nan. Ba ya cewa "gona ta ƙi" ya yi shiru. Zai gaya maka ko ruwa ne ya kwanta, ko gishiri ya taso, ko tsutsa ce, ko taki ya ƙone shuka, kuma kowanne da abin da ake yi masa.

Na san za a ce mai gyaran kwamfuta ya koyi Ingilishi kawai, tunda saƙonnin da shi suke zuwa, kuma duk bayanin da zai nema a intanet da shi aka rubuta. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba na kiran a raba kowa da Ingilishi. Amma ɗalibin da ya fito daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau ya buɗe shago a Mafara, da Hausa zai yi wa yaransa bayani, da Hausa mai kaya zai kawo masa kuka, da ita kuma zai yi wa wani kwatance ta waya a Maradun. In Hausar ba ta da komai sai "netwok", to ilimin ya tsaya a kansa shi kaɗai, sauran kuwa sai jira.

Za a kuma iya cewa kwatanci da gida yana da haɗari, kuma haka ne. Zauren Bahaushe a buɗe yake ga kowa, karamci ne. Kafar 3389 kuwa in aka buɗe ta ga intanet, ɓarayin duniya ne ke layi a bakinta. A watan Mayu na 2019 an gano wata ɓaraka a wannan manhaja, wadda aka laƙaba wa BlueKeep, mai ba da damar shiga tsofaffin Windows ba tare da kalmar sirri ba, har Microsoft ya fitar da gyara ga Windows XP da ya daɗe da yin watsi da ita. Don haka kalmar da za a zaɓa sai an auna inda take kai tunani. Wannan awo kuwa aikin masana harshe ne tare da masu sana'a, ba na ɗayansu shi kaɗai ba.

Abin da nake ganin ya dace shi ne mu bi hanyar da muka saba bi da maƙera da majema da masunta: a je wurin aiki da na'urar naɗar magana. Shagunan gyaran waya da kwamfuta na Gusau da Mafara da Sakkwato cike suke da kalmomin da ba su shiga kowane ƙamus ba, wasu aro ne da aka lanƙwasa, wasu tsofaffin kalmomi ne da aka ba sabon aiki. A tattara su, a ga waɗanda suka riga suka kama baki, a cike giɓin da ya rage, a jera su bisa matakan gano matsala maimakon jerin abacada. Ɗalibin digiri na biyu guda zai iya yin wannan a gari ɗaya cikin shekara. Zan ba da shawarar ya fara da raba "netwok" gida biyu, na waje da na cikin gida, domin a yankin da aka taɓa kashe na wajen har kusan wata uku, sanin cewa na cikin yana nan da ransa shi ne ya raba masu aiki da masu jira.